Noti na Shida

Oldrich Kubat bai taɓa yarda da abin da bai ɗaure da hannunsa ba. Ko murfin kwalbar zuma matarsa ta rufe, sai ya bi bayanta ya ƙara murɗawa. To, mutum irin wannan ne, bayan ya yi ritaya daga masana'antar sassaƙar ƙarfe, ya duƙufa ƙera jirgin sama a rumfar ƙarshe ta filin ciyawar da ke bayan ƙauyen Lhotka, a Moravia. Ɗan ƙaramin jirgi ne na katako da ƙyalle, mai kujera biyu, fari fat. Olda ake ce masa a filin, kuma kowa ya san izinin likitansa na tuƙi zai ƙare a ƙarshen Satumba. Abin da shi kaɗai ya sani shi ne ba likitan da zai sake sa masa hannu. Tun sanyin bara zuciyarsa ta fara tsallake bugu, ƙwayoyin da yake sha ma a ƙasan akwatin sifanoni yake ɓoye su. In jirgin nan bai tashi da shi a bana ba, sai dai ya tsaya a ƙasa ya ga wani ya tashi da shi.

Matsalar a hancin jirgin take. Da taurin kansa ya ƙi sayen injin jirgi irin na kowa, ya je ya ciro na wata tsohuwar motar tsere ta Japan, irin wanda ba fistin a cikinsa, sai ƙarafa biyu masu kusurwa uku da ke wulwulawa. Ba nauyi, ga ƙarfi, amma gudunsa ya yi wa farfela yawa, dole a sa giyabos a tsakani ya rage. Nan fa ake yin ta. Injin ba sumul yake turawa ba, naushi-naushi yake yi, farfela kuwa doguwa ce mai nauyi, ba ta son a fisge ta. Shi ya tura, ita ta turje, haƙoran giyabos su sha wahala a tsakiya. Shi ya sa ake jera curin roba mai laushi tsakanin inji da giyabos don su shanye naushin. In robar ta yi daidai, iyakaci ka ji 'yar kwaramniya sa'ad da injin ke silo. In ba ta yi ba, jijjiga za ta kwance noti, ta ci ƙarfe, wata rana farfela ta raba gari da inji kana saman daji.

Noti shida ne suka riƙe giyabos ɗin a jikin injin. Biyar a fili suke, na shida yana can ƙasa, bayan bututun salansa, sai mutum ya kwanta rigingine da ɗan madubi irin na likitan haƙori kafin ya gan shi. Al'adar masu ƙera jirgi a filin ita ce, duk notin da ka gama ɗaurewa, ka ja masa layin jan farce daga kansa zuwa jikin ƙarfen. In layin ya tsage, notin ya motsa ke nan. Ba gidan da ba a sace wa matar gida kwalbar jan farce ba saboda wannan. Olda dai bai yi sata ba, matarsa Drahomira, wadda yake kira Draha, da kanta ta miƙa masa tata, ja mai duhu, ta ce ita ta daina shafawa tun da ta fara noman dankali a bayan gida.

A watan Mayu ya fara tayar da injin. Ya ɗaure wutsiyar jirgin da igiya a jikin turke, ya ba shi wuta da safe, ya kashe, ya bar shi ya huce. Da rana Draha ta zo a kan kekenta da tukunyar abinci kamar kullum. Olda ya tafi famfo wanke hannu, ya zauna a bencin gindin tuffa ya ci, ita kuma ta ɗauki tsintsiya ta shiga share rumfar tana mitar ƙurar katako. Da ya dawo ya duba, layi biyar sun tsage. Na ƙasan ne kawai lafiya.

Ya kira Vilem Pokora, wanda suke raba rumfar da shi. Vilem dogo ne mai sanƙo, abokinsa tun suna samari suna koyon tuƙi, yana da jirgi rawaya mai injin kamfani, ga bakin tsiya.

"Zo ka ga abin da jijjiga ta yi mini," in ji Olda.

Vilem ya sa sifana a kan noti ɗaya, ya ja. "Wannan ai ko motsi bai yi ba, Olda."

"Layin fa? Aljani ne ya tsaga shi?"

"Wataƙila jan farcen ne ya tsufa, kamar mai shi."

"Ka bar matata a ciki."

"Kai nake nufi, tsoho. Ka ji injin nan da kunnenka, kwaramniyar silo ce kawai, kowane giyabos yana yin ta. Robarka lafiyarta ƙalau. Kada ka taɓa ta."

Gaya wa Olda kada ya taɓa abu daidai yake da miƙa masa sifana. Ya sake ja wa notin layi, ya sake tayarwa, suka sake tsagewa. Ya canja jan farcen, haka. Sai ya yanke hukunci cewa robar ta yi laushi da yawa, kwaramniyar nan ita ce shaida. Ya je gidan maƙwabcinsa mai koyar da yara wasan ƙanƙara, ya roƙo baƙaƙen fayafayan roba masu tauri da ake bugawa da sanda, irin waɗanda ba gidan da ba ka samun ɗaya a gareji. Ya ɗora su a injin sassaƙa, ya fitar da su daidai ramin, kyau kamar daga kamfani. Da ya tayar, kwaramniyar ta ɓace ɗif. Injin na silo lumui.

"Ka ji?" ya yi wa Vilem ihu ta cikin iskar farfela. "Ina kwaramniyar taka?"

"Ba ta tafi ba," in ji Vilem, "ƙaura ta yi. Ka kore ta daga silo, ka san inda ta koma? Wataƙila can sama, inda za ka riƙa tafiya."

"Hassada ce ke cin ka."

"To. In likita ya hana ka kafin ka gama wasan nan, ka kwantar da hankalinka, ni zan ɗana maka shi. Zan ma ɗaga maka hannu daga sama."

Wasa Vilem yake yi, ya yi dariya ya wuce. Olda bai yi dariya ba. Da ya duba bayan cin abinci ran nan, layi shida ne suka tsage, har na ƙasan.

Haka rani ya yi ta tafiya. A ɗaure, a ja layi, a tayar, a tsage. Wasu na tashi suna sauka a gabansa, shi yana kwance ƙarƙashin hanci da madubi. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, duk wanda ya tambaye shi yaushe za a tashi sai ya ji kamar zagi ne.

Sai a farkon Satumba aka yi ruwa na kwana da kwanaki, filin ya jiƙe sharkaf, ba wanda ya tayar da komai. Olda ya ja sababbin layuka kafin ruwan, ya kulle rumfa. Da gari ya washe ya dawo, ya haska, sai ya tsaya cak. Biyar sun tsage. Injin ko tari bai yi ba.

Ya kawo gilashin ƙara girma ya duba. Tsagin ba irin na motsin noti ba ne, karta ce, siririya, an yi ta da tsinin wani abu. Ya ji jini ya hau masa kai. Ashe duk wahalar nan hannun mutum ne. Na ƙasan da bai tsage ba, ya ce a ransa, munafukin sauri yake yi a wannan karon. Makullin rumfar kuwa biyu ne a duniya: nasa da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, da na aljihun Vilem.

Daga ran nan komai Vilem ya yi ya zama shaida. In ya zo da wuri, me ya kawo shi? In ya makara, yana gudun haɗa ido ne. Ya tambayi lafiyar Olda, ashe lissafin ranar likita yake yi. Ya kawo masa kwandon naman kaza daga daji, Olda ya karɓa yana cewa a ransa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya tuna maganar nan ta "ni zan ɗana maka shi", ya juya ta gaba da baya har ta zama rantsuwa. Shekara da shekaru na abota suka koma masa dogon shiri na cin amana. Wani gefen kuma ya ji sanyi a ransa: in mutum ne, to injin ba shi da laifi, fayafayansa sun yi aiki, ba abin da zai hana shi tashi. Ya sanar a filin cewa Asabar ta ƙarshen wata zai tashi da jirgin.

A gida ya gaya wa Draha suna cin abinci.

"Vilem?" ta ce, ta ajiye cokali. "Haba, Olda. Vilem da ya riƙe maka zobe ranar aurenmu?"

"Shi ɗin. Wa ke da makulli in ba shi ba?"

"Ka bari dai sai ka tabbatar. Ka ɗaga ranar mana, ka sake duba komai a hankali. Gaggawar me kake yi?"

"Ba sauran ɗagawa. Zan kama shi, kuma zan tashi."

Draha ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar Alhamis ya yi gwajin ƙarshe. Ya ɗaure wutsiya, ya ba injin wuta har ƙarshe, ya daɗe a haka, ciyawa na kwanciya a baya. Wannan karon bai jira ya huce ba. Yana kashewa ya leƙa, layi biyar na sama garau, ko gezau. Na ƙasan bai iya kaiwa ba, salansa ta yi ja zur. Ya yi murmushin mugunta. Ya ɗauko ɗan gwangwanin shunin da masu sassaƙar ƙarfe ke shafawa don ganin inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, man nan mai maiƙo da in ya taɓa fata sai ya ga dama yake fita. Ya shafa siriri a gefen kowane noti, inda dole yatsa ya jingina. Ya kulle, ya tafi gari neman man inji.

Da safiyar Juma'a shida sun tsage, shunin kuma ya goge a wurare.

Ya samu Vilem a bakin famfo yana cika bokiti, wasu 'yan filin biyu na tsaye suna shan kofi.

"Miƙo hannunka," in ji Olda.

"Yau kuma gaisuwar hannu muke? Ka ci gado ne?"

"Buɗe su. Duka biyun."

Vilem ya ajiye bokitin, ya buɗe. Olda ya kama su, ya juya, ya duba tsakanin yatsu, ya duba ƙarƙashin farce kamar uwa da ɗan makaranta. Ba shuni. Baƙin mai kawai da tsohon tabo.

"Safar hannu ka sa," in ji Olda.

"Safar hannu ta me?"

"Kada ka raina mini hankali! Tun Mayu kake kankare mini layi don lokaci ya ƙure, ka samu jirgina a ɓagas. Ka faɗa da bakinka!"

Masu kofi suka sunkuyar da kai. Vilem ya dube shi, tsiyar bakin nan duk ta tafi. Ya sa hannu a aljihu, ya zare makullin rumfar daga zobensa, ya ɗora a kan bakin famfo.

"Ga shi. Zan matsar da jirgina rumfar gaba. Amma Olda, ko ni maƙiyinka ne, ka cire fayafayan nan kafin gobe."

Olda ya ɗauki makullin ya juya. Ya yi zaton zai ji daɗi, bai ji ba har ya isa gida.

Draha ta yi miyar kabeji da curin burodin da ake turarawa, abin da ya fi so. Ta zuba masa da hannun hagu, abin da ba ta saba ba, na daman yana naɗe a cikin tsumman ɗaukar tukunya. Ya lura, don Olda ba ya rasa lura da abu, fassara ce kawai take kuɓuce masa.

"Me ya samu hannunki?"

"Ƙuna ce. Ba komai."

"Mu gani."

"Ci abincinka zai huce."

Ya miƙa hannu ya janye tsumman. Babban yatsa da manuni shuɗi ne shar, har gefen tafin. Fatar ta yi ja a kewaye saboda dirza da soso da sabulu. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Olda ya waiwaya ya dubi ƙusar bayan ƙofar kicin, inda makullinsa ke kwana tun da aka gina rumfar.

"Ke?" Abin da ya iya cewa ke nan.

Ta zauna. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi musu ba. "Ni ce. Da abin goge farce."

"Tun Mayu? Kina kallona ina kwana ba barci? Kina ji ina zagin Vilem a kan teburin nan?"

"Ina kallo."

"Don me, Draha? Me na yi miki?"

"Ƙwayoyin da ke ƙarƙashin sifanoninka, ka ɗauka wa ke share rumfar? Na kai ɗaya kantin magani na tambaya. Ka ɓoye mini zuciyarka, ni ma na ɓoye maka yatsana. Na ce in kai ka Oktoba kawai, likita ya ƙarasa sauran. Ban kwance komai ba, na rantse, ban ma san yadda ake yi ba. Layin kawai nake kartawa."

Ya miƙe, kujera ta faɗi a bayansa. Haushi ya cika shi har yana jin bugun nan mai tsallake a maƙogwaronsa. "To kin yi a banza. Injina lafiya lau, kin tabbatar mini da bakinki. Gobe zan tashi, ki zo ki kankare sama in kin iya. Shida ɗin nan da kika lalata, yanzu zan je in sake ja musu layi."

"Biyar," ta ce.

"Me?"

"Biyar ne. Kullum biyar nake yi."

"Na ƙasan fa? Na bayan salansa?"

"Wane na ƙasa? Akwai wani ne?"

Ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Abu na farko da ya zo masa shi ne wata sabuwar dabara ce. Macen da ta yi wata biyar tana yi masa ƙarya da tukunyar abinci a hannu, me zai hana ta ƙara ɗaya don ta hana shi tashi gobe? Ya zuba mata ido yana neman alamar wayo. Amma kansa, wanda ba ya mantuwa da noti, ya riga ya fara jero masa abin da ba ya so. A Mayu, da roba mai laushi, biyar. Lokacin ruwa, da injin bai yi aiki ba, biyar. Shida ba ta taɓa fitowa ba sai bayan ya sa fayafayan, kuma sai ranar da aka tayar da inji. Ga Draha da ciwon gwiwa, rabonta da kwanciya a kan siminti an daɗe.

Bai ce mata ta biyo shi ba, ta biyo shi, tana tura keke. A filin Vilem na turo jirginsa rawaya daga rumfar, ya gan su, ya ga hannun Draha, ya tsaya. Ba wanda ya yi masa bayani, bai kuma nema ba.

Olda ya kwanta rigingine, ya zura sifana bayan salansa, ya ɗora a kan noti na shida. Bai ma ja ba. Notin ya faɗo masa a ƙirji tare da guntun ƙarfen da yake ɗaure a kai. Bakin karayar ya yi santsi kusan duka, alamar ya daɗe yana ci a hankali, ɗan siririn gefe ne kawai sabo yana ƙyalli.

Vilem ya tuɓe rigarsa ba tare da an roƙe shi ba, suka sauke giyabos ɗin tare suka ɗora a kan benci. Baƙin gari ya zubo daga ciki. Fayafayan sun ƙone sun yi ƙyalli, haƙoran giya biyu sun ɓalgace, ga tsaga ta bi jikin akwatin daga ramin noti na shida tana neman na biyar. Wannan ba gyaran mako ba ne, ba na wata ba. Sai an zuba sabon akwati, an yanka sababbin haƙora, kafin nan dusar ƙanƙara ta rufe filin.

"Da ya kai ka saman dajin can," in ji Vilem a hankali, "ba zai dawo da kai ba."

Draha ta dafa benci da hannunta mai shuni. "Da ka tashi gobe, Olda…"

Olda ya buɗe akwatin sifanoni, ya ture kwalbar ƙwayoyin gefe a gaban kowa, ya ɗauko curin robar farko da ya ajiye a leda. Ya matsa ɗaya da yatsa, ta lotsa, ta dawo. Ko ƙwarzane babu.

"Da na tashi tun Mayu," ya ce. "Lafiyarta ƙalau, Draha. Ba abin da ya same ta."

Nan ne ta yi kukan. Shi kuma ya ciro makullin da ya ɗauka a bakin famfo, ya ajiye kusa da hannun Vilem, ya kasa ɗaga ido ya dube shi.

"Baɗi," ya ce. "In ka yarda. Kai za ka ɗana shi."

Vilem ya ɗauki makullin, bai yi tsiya ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Washegari Asabar gari ya waye garau, ba iska, ba gajimare, irin ranar da matuƙi ke jira duk shekara. Ƙarar jiragen filin na shigowa ta tagar kicin. Suka zauna karyawa. Draha ta shafa zuma a burodi, ta rufe kwalbar, ta tura masa gabansa kamar yadda ta saba, don ya ƙara murɗawa. Olda ya dubi hannunta da shunin ya ƙi fita, ya dubi nasa da ya sassaƙa fayafayan. Ya bar kwalbar yadda ta rufe ta.